Abin Rufar da Na Ɗinka wa Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,
Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwar girmamawa da tambayar yadda kika tashi, ina rubuto miki ne daga ɗakin da ke jikin naki. Ina ma jin tarinki ta bango. Amma tun da ciwon mantuwa ya kama ki, Innar da nake son yi wa magana ta tafi wani wuri ba ta bar mana kwatance ba. Don haka a shafina zan ɗora wasiƙar, inda mutane za su karanta, su rubuta "Allah ya ba ta lafiya", su wuce zuwa hotunan wani biki. Ban ga laifinsu ba. Ni ma haka nake yi wa na wasu.

Abu ɗaya nake nema a wurinki, Inna: ki gane ni.

Likita ne ya ce mu riƙa kusanto miki da abubuwan da kika saba da su, wataƙila wani ya taɓo wani abu a ranki. Ya faɗi "wataƙila" ɗin da muryar da likitoci ke yi idan a'a suke nufi. Na shiga waya neman dabara. Na ga kofin shayi mai hoton uwa a jiki, da filo mai kalaman ƙauna da Turanci. Na hango fuskarki in an miƙo miki kofin. Da lafiyarki cewa za ki yi, "To yanzu a cikin kaina zan sha shayin?" Ga shi albashin malamar makaranta ba ya son irin wannan wasa.

Sai na tuna akwatin da ke ƙarƙashin gadonki. Duk ankon biki ko na suna da kika taɓa yi, zaninsa yana nan a ninke, da ƙamshin turaren wutarki. Na ce bari in yanko kaɗan daga kowanne in harhaɗa miki abin rufa. Zare kawai zai ci, sai tsohon kekenki na hannu, wanda har yau yake tsallake ɗinki in an matsa masa.

Zulai, ƙanwata, ta zo daga Hanwa ta tarar da ni da almakashi, zannuwanki baje a tabarma. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, rabon gado kika fara tun tana numfashi?" Na ce daga gefen da ke shigewa ƙugu nake yanka, ba za a gani ba. Ta ce, "Ku dai 'yan jami'a, komai sai kun mai da shi bincike." Ta gama faɗanta, ta durƙusa ta riƙe mini bakin atamfar tana sharar hanci, ni ina yanka.

Koren nan mai ganye na sunan Zulai ne. Ina tuna ki da shi a tsakar gida, kina rawa da ita a kafaɗa, kina kiran sunanta har muryarki ta dushe.

Shuɗin kuwa na ranar da na gama jami'a ne. Kin zauna can baya. Da mata suka zo yi miki barka, kika gyara mayafi kika ce, "Ai 'yar Goggonta ce, ita za ku yi wa."

Ni ce 'yar fari, ke kuma kin riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda kika gada. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ni "ke" ce, ko "waccan", in da baƙi kuma "yayar su Zulai". Ba kya kallona ido cikin ido. A jami'a har takarda na rubuta a kan wannan al'ada, da manyan kalmomi, aka ba ni maki mai kyau. Na dawo gida na ba ki labari. Kika ce, "Madalla. Ke, sauke tukunyar nan."

Amma na iya karatunki, Inna. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a makarantar kwana, kin zo da dambun nama da yaji, kika ba mai kula da mu, kika ce Goggo ce ta aiko. Ta taga na hango ki a bayan bishiyar darbejiya, kina leƙe, kina yi kamar takalminki kike gyarawa. Duk duniya ni kaɗai kike kau da kai a kaina. Da wannan na san ni taki ce.

Na ɗauki makonni ina ɗinkin bayan na taso daga aiki. Bai fito kamar na kanti ba. Wani gefen ya karkace, wani wurin ya tattare. A ƙarƙashin kowane ƙyalle na yi surfanin sunan mai bikin da ajami, tun da shi kike karantawa. Ƙarƙashin shuɗin na bar shi haka. Na ji nauyin in sa ki karanta sunan da kika yi shekaru kina kewaye shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka shimfiɗa miki shi a cinya. Kika shafa, kika murza da yatsa, kika ce, "Wannan atamfa ce ta gaske, ba ta zuba." Kika kai kan koren kika ce, "Sunan Zulai." Zulai ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Sannan yatsanki ya sauka a kan shuɗin, ya daɗe a wurin.

Sai kika ɗago kai kika dube ni. Cikin ido, babu kau da kai, har da murmushi.

Kika ce, "Baiwar Allah, ke kika ɗinka? Hannunki da kyau. Yaya sunanki?"

Na faɗa miki.

Kika ce, "Bilkisu. Allah ya yi miki albarka, Bilkisu. Ki gaida mutanen gidanku."

Tun ina ƙarama nake son in ji yadda sunan nan zai fito a bakinki. Ashe da daɗi kike faɗinsa. Yanzu kullum sai kin kira shi: Bilkisu kawo ruwa, Bilkisu sannu da aiki. Maƙwabta suna cewa alhamdulillahi, Inna ta fara samun sauƙi, har sunan mutum take kamawa. Ina amsa musu da amin. Wa zan tsaya yi wa bayani?

Abin rufar kuma kin ƙi rufa da shi. Kin ninke shi kin tura ƙarƙashin filo. Jiya da na ce sanyi ya sauko, bari in lulluɓe ki, kika dafe shi da hannu biyu. Kika rage murya kika ce, "A'a, Bilkisu, ajiyewa na yi. Ina da wata, babbar, tana makaranta. Ita ce mai jin sanyi. In ta dawo a ce Goggonta ce ta ba ta." Kika sunkuyar da kai, kina satar kallon ƙofa.

Na tsaya a gabanki da kofin magani a hannu, Inna, kina jirana.

Likita ya ce gaba ciwon yake yi. Na daina bincike a waya, kuma ba ni da sauran abin da zan ɗinka.

Ya Allah, Ka sassauta wa Inna, Ka sa wannan ciwo ya zame mata kankarar zunubi. Ka ba ni haƙurin zama baƙuwa mai kirki a ɗakinta. In akwai sauran rabo, Ka dawo mini da ita ko na ɗan lokaci, in shigo ta san 'yarta ce ta shigo. In babu, Ka cire mata jiran nan, kada ta bar duniya tana zaton ban zo ba. Amin.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Bilkisu.