Gobe Ni Ce Shugabar Malama Asabe

Lahadi da dare, Jega

Barci ya ƙi zuwa, sai juyi nake yi. Karatun digiri na biyun nan da nake zuwa jami'ar Aliero, na koyon shugabancin makarantun ƙananan yara, ya jawo mini abin da ban shirya masa ba. Jiya mai makarantarmu ya ce daga gobe Litinin ni ce shugabar sashen renon yara, har Malama Asabe a ƙarƙashina. Matar da ta koya mini rarrashin yaro ba tare da tsawa ba! Ina firamare ta fara goyon 'ya'yan mutane a wannan sashen, takarda ce kawai ba ta da ita.

Yau a aji can Aliero malaminmu yana bayanin yadda ake tafiyar da ma'aikata, ni kuwa fuskarta kaɗai nake gani.

Da la'asar na biya gidanta a unguwar Jega Magaji, na tarar tana tsintar shinkafa. Na yi ta kame-kame. Ta ce, "Ɗiyata, ai na ji. Mi kike tsoro? Gobe dai ki riga ni zuwa, kada yara su ga shugaba ta makara."

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma ba ta ɗago kai daga faifan ba. Har na fito ba ta ce Allah ya sanya alheri ba. Abin da ke cina ke nan.

Gobe a durƙushe zan gaishe ta kamar kullum, kowa ya gani.