A Mayar wa Baba Ilu Igiyarsa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Hanyar Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji da iyali da sauran dattawan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Sabo, direban a-kori-kurar nan mai jigilar buhuna zuwa Bagwai. Na zaɓi in rubuto a fili ne tunda a fili na tafka abin kunyar.

Na ɗaya, godiya kan hanyar. Wanda ya taɓa tura mota a taɓon nan da damina shi ya san darajar jar ƙasar da kuka zuba da kwalbatin da kuka gina. Naira ɗari biyun da ake karɓa a bakin igiyar da ake tare hanya da ita ba ta kai abin da bakanike ke ci a jikina a da ba. Na san haka sarai, son banza ne ya rufe mini ido.

Na biyu, laifina. Kun kafa doka mai kyau, cewa motar da za ta jana'iza ba ta biya. Ni kuwa na mayar da dokar gonata. Sau uku ina marairaice wa Baba Ilu mai tsaron igiya in ce rasuwa aka yi, ya yi salati ya sauke mini. A na huɗu sai ya tambaye ni wa ya rasu. Bakina ya riga hankalina, na ce Kawu Haruna na unguwar gabas. Ashe tare suka tashi tun suna yara. Ina wucewa dattijon nan ya bar igiya a ƙasa, ya bi gida-gida yana sanarwa da hawaye. Kafin azahar jama'a sun cika ƙofar gidan Kawu, har da mai yadin likkafani a hammata, suka tarar da shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Matarsa Gwaggo Asabe kuwa suma ta yi, sai da aka yayyafa mata ruwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ko wuni bai yi ba.

Na uku, godiyar da ba zan iya gamawa ba. Samari sun so a miƙa ni ga 'yan sanda, ka hana. Ka sa na biya kuɗin zuwa huɗun da tara a kai, aka tsare motar kwana biyu, kuma ban ga zalunci a ciki ba. Sannan ka sa takalminka ka raka ni wurin Kawu, wanda ya ce kada in ƙara taka masa zaure. Ka yi ta ba shi baki har ya huce, ya dube ni ya ce, "Tunda ka kashe ni da bakinka, sai ka kawo goron sadakar in ci kasona." Da wasu suka ce a soke dokar jana'izar saboda ni, nan ma kai ka tsaya ka ce ba za a hukunta masu makoki da laifin maƙaryaci ɗaya ba. Allah ya saka maka.

Na huɗu, kukana. Kwamiti ya sallami Baba Ilu, wai ya bar igiya motoci sun wuce kyauta wuni guda. Alhaji, wannan hukuncin bai faɗa kan mai shi ba. Mutum ya ji abokinsa na ƙuruciya ya rasu, wa a cikinmu zai tsaya riƙon igiya? Gwiwoyinsa sun daina ɗaukar noma, ɗan abin da kuke ba shi ne cefanen gidansa.

Don haka ina roƙo a mayar da shi bakin aikinsa. Abin da aka rasa a ranar a ɗora mini, kuma motata za ta ɗebo muku jar ƙasa kyauta duk sanda za a yi ciko.

Jiya bayan la'asar na hangi Baba Ilu a masallaci, na sunkuyar da kai. Shi ya tako ya kama hannuna ya ce, "Sabo, alhamdu lillahi da Haruna na nan da ransa." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya albarkaci zuriyarka, ya tsare duk mai bin hanyar nan.

Wassalam.

Naka,
Sabo Direba