Mai Jan Gaba a Gangaren Ɗorawa

Samaru, Zariya
Yuli, 2006

Zuwa ga matata Liya, Maman Toma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta bai manta da ita a addu'a ba. Toma ya aiko daga makarantar kwana cewa lafiyarsa ƙalau, yunwa kawai yake kuka da ita, kamar ubansa tun da kika tafi jinya.

Bayan haka, kin tambaya ko har yanzu ina haukan keken nan na ranar Asabar. Ina yi, ranki ya daɗe, kuma mahaukatan sun ƙaru. Da sassafe muke haɗuwa a PZ, ƙofar shagon Nonye mai yadi, mu bi ta Basawa, mu bar kwalta mu hau burji, daga nan sai hawa da gangara har rana ta take. Oladipo mai walda na Chikaji yana nan da tsohon kekensa da ya sha faci har ba a san kalarsa ta asali ba. Nonye kuwa, wadda na koya wa riƙe birki a bara, yanzu ba ta yarda ta bi bayan kowa sai ni. Wai tayar Baba Dogo ba ta faɗa rami.

Ban taɓa gaya miki ƙa'idarmu ba. A hanyar tsakuwa layi ɗaya muke yi, kowa dab da na gabansa, don haka babu mai ganin hanya sosai sai na kan gaba. Shi ne idon kowa. In ya ga rami ya ce rami, in yashi ne ya ce yashi, in shanu ne ya ce shanu, maganar ta bi layi har ta kai ga na ƙarshe. In ya yi shiru, hanya lafiya ke nan, kowa ya saki birki. Kowace Asabar mutum ɗaya ke jan gaba, bi da bi.

Wancan makon wani abu ya faru da ya ba kowa dariya. Ina tsakiyar layi, akuya ta fito daga hagu. Duk sun gan ta tun daga nesa, ni ban gan ta ba sai da ta shiga ƙarƙashin tayata. Ba wanda ya ji ciwo, har akuyar. Oladipo ya ce tunanin Maman Toma ne ya tafi da hankalina, na bar shi a haka. Amma Liya, hankalina yana kan hanya. Ban gan ta ba ne kawai. Kuma kwana biyun nan kafaɗata ta hagu ta addabi ƙyauren ɗakinmu.

Wataƙila gajiya ce. Kada ki sa wa ranki komai, jinyar da ke gabanki ta ishe ki.

Ki huta lafiya.
Mijinki,
Dogo

Samaru, Zariya
Agusta, 2006

Liya tawa,

Ina gaishe ki da Inna da dukan mutanen gida. Na ji daɗi da kika ce ta fara shan kunu da hannunta. Yaya ruwa a wajenku? Nan kam kullum sai ya sauka.

Na je asibitin ido, kamar yadda kika matsa a takardarki. Na so in ce miki ba komai, na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana aikinsa a ɓoye. Daga gefe yake ci, yana matsowa tsakiya. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa da ta ba ni na tsare ragowar ne. Yanzu ina ganin abin da ke daidai gabana, sauran duniya kuwa sai na juya kai, kamar mai leƙe ta kafar makulli. In gari ya yi hadari abin ya fi muni. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya makance a gidanmu.

Ke ba ki riski Baba da idonsa ba, kin same shi a zaune ne. Ni na san shi yana tuƙa keke da buhun dawa har kasuwa, mutum mai murya, wanda ba a yanke magana a ƙauye sai an ji ta bakinsa. Ni na riƙe masa sanda ina yaro. Ba duhun ne ya karya shi ba, Liya. Mutane ne da suka daina yi masa magana. Sai su zo yana zaune, su dube ni su ce, ya ci abinci? Yana jin su. Wannan nake tsoro, har ya fi makantar kanta ba ni tsoro. Shi ya sa ban gaya wa kowa ba sai ke.

Ga damuwata ta yanzu. Asabar ta sama ni ne zan ja gaba, kuma sun zaɓi hanyar Gangaren Ɗorawa, wadda ta fi kowace tsayi da duwatsu, saboda wai babu wanda ya san ta kamar ni. Na nemi Oladipo mu yi musaya, ya yi dariya ya ce Malam Dogo ya fara tsufa ke nan, ya ci gaba da waldarsa. Na tsaya a bakin shagonsa maganar tana bakina, ta ƙi fita.

Ina gaya wa kaina na san hanyar nan da ka, ko ido rufe zan sauka. Sai kuma in tuna damina ce, ruwa yana sake hanya kowane mako, kuma Nonye za ta manne wa tayata ta saki birki saboda ta ji na yi shiru. 'Ya'yanta ƙanana ne. Abinci ba ya shiga mini kwanan nan.

Na san abin da za ki ce. Kafin amsarki ta iso, Asabar ta wuce. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Dogo

Samaru, Zariya
Satumba, 2006

Zuwa ga matata Liya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Kada gabanki ya faɗi da ganin rubutun nan ba nawa ba ne. Ina faɗa ne Oladipo yana rubutawa. Ya ce in gaishe ki, kuma a Sabon Gari aka haife shi, don haka kada ki raina masa Hausa. Hannuna na dama ne ya karye a wuyan hannu, an yi ɗori, ina samun sauƙi.

Na ja gaban, Liya. Ban iya janyewa ba, kuma ban iya faɗa ba.

Da muka fita gari garau ne, na ce Allah ya rufa mini asiri. Hawa bai ba ni wahala ba, don a hankali ake yinsa, ina juya kai hagu da dama ina kiran abin da na gani. Muna kaiwa ƙarƙashin ɗorawar da ke kan tudu, hadari ya taso daga gabas, gari ya rufe. Muka sha ruwa, suka ce mu yi sauri kafin a sako. Na dubi gangaren, na ga 'yar hanya ja a tsakiya, gefe da gefe babu komai. Haka na hau.

Kin san gangara, ba ta jira mutum ya yi shawara. Keke ya ɗauki gudu, tsakuwa tana tsalle tana dukan ƙafata, iska ta cika mini ido da hawaye, 'yar kafar da nake gani da ita ma ta dushe. A bayana ina jin tayoyinsu, ina jin numfashin Nonye. Ba mai taɓa birki. Duk suna sauraren bakina, ni kuwa shirun da nake yi ƙarya ce, don shiru a wurinmu yana nufin hanya lafiya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ba kaina nake ji wa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki da duk ƙarfina na ce su tsaya, ba na gani. Na ji maganar tana bin layi zuwa baya kamar yadda rami da yashi suke bi, kowa yana miƙa wa na bayansa: ba ya gani, ba ya gani. Na damƙe birki, tayar baya ta zame, na sha ƙasa a kan hannuna. Nonye ta kauce mini da ƙyar ta tsaya.

Ƙura ta lafa. Oladipo ya ɗaga ni, ya juya mini kai da hannunsa zuwa hagu. 'Yan taku kaɗan a gabanmu ruwa ya cinye rabin hanya wajen kwalbati, rami ne da zai haɗiye mutum da kekensa. Ta nan layinmu yake bi kullum. Nonye ta zauna a ƙasa tana kuka, ni kuwa har yau in na rufe ido ramin nake gani.

Da ƙafa muka ƙarasa gangaren cikin yayyafi. Oladipo yana tura kekena, ni na dafa sirdin da hannun hagu ina bin sa, yadda Baba yake bin sandar da nake ja. Na jira in ji wani ya tambayi Oladipo ko ina jin zafi. Sai Nonye ta zo ta tsaya a gabana, ta kira sunana, ta zazzage ni tas a kan ɓoyewar da na yi, ta ce da ta mutu da sai ta biyo ni har gida. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Na koma wurin likita. Ta ƙara mini magani, ta ce idon hagu ya kusa tafiya, na daman kuma ba ta yi mini alkawari ba. Tsoron bai tafi ba, Liya, da shi nake tashi kowace safiya, in fara duba ko taga tana nan.

Ban taɓa ce miki ki bar Inna ba, yau ma da nauyin baki nake faɗa. In ƙanwarki za ta iya karɓarki ko na ɗan lokaci ne, ki zo gida. Kada ki jira lokacin kaka. In kin shigo kuma kada ki tsaya a gefena kamar yadda kika saba, ki tsaya daidai gabana, kusa, ki bar ni in dube ki da kyau.

Mijinki mai jiranki,
Dogo