Yadda Muka Rasa Aina'u

Zuwa ga Yayana Abdussalam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙara maka haƙuri da juriya a can Jidda, Ya sa albarka a ɗinkin da kake yi. Mu a nan mun gode wa Allah. An sallamo Inna daga asibiti, tana iya zuwa banɗaki da kanta, sai dai ƙafafunta ba ƙarfi. Matarka Huseina ta warware, amma ba ta cika magana ba. Baba yana nan, zan zo kan maganarsa.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni yadda aka yi Aina'u ta rasu ina cikin gidan, ni da na karanci ilimin haɗa magunguna. Na kasa ba ka amsa saboda mutane sun cika ɗakin. An ce maka amai da gudawa ne, ba a yi ƙarya ba, amma ba a ƙarasa maka ba. 'Yarka ce, kana da haƙƙin sani, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka san na ajiye aikina na Kano na dawo gida don in yi shirin jarrabawar shiga digiri na biyu. A makon da abin ya faru ina kan babin guba ne, musamman magungunan ƙwari. Abin da ban sani ba shi ne, da Baba ya ga ƙwari sun fara huda waken bana, sai ya sayo maganin ƙwarin nan fiya-fiya a kasuwa ya yayyafa wa buhunan ya ɗaure, yadda ya ga maƙwabta suna yi. Niyyarsa sai an kwana biyu a sayar. Bai gaya wa kowa ba, don bai ɗauka abin faɗa ne ba. Huseina ta ɗebo daga buhun da ya fi kusa da ƙofa, aka kai niƙa ba a wanke ba, da safe ta yi ɗan wake. Ni ina ramuwar azumi, Baba kuma ya yi sammakon gona. Su uku suka ci, Inna da Huseina da Aina'u, kuma Aina'u har ta nemi ƙari.

Da hantsi ina ƙarƙashin dalbejiya da littafina na ji Inna tana kira. Na tarar da Aina'u a tsakar gida, gumi ya jiƙe mata riga, miyau yana zuba, hawaye yana zuba ba kuka take ba. Na buɗe idonta na ga baƙin ya tsuke kamar kan allura. Na kara kunnena a ƙirjinta na ji ruwa yana kurari. Yaya, abin da na haddace jiya-jiya shi ne kwance a gabana. A jikin mutum akwai sinadarin da jijiya take aika saƙo da shi, akwai kuma wanda yake share shi idan saƙon ya isa. Wannan guba mai sharewar take kashewa, sai saƙon ya yi ta tafiya ba tsayawa, jiki ya yi ta tsatso ruwa har huhu ya cika. Kuma guba da nauyin jiki take tafiya, abin da babba zai jure shi zai kayar da yarinya 'yar shekara shida.

Mata suka shigo, wata ta kawo manja, wata ta kawo madara, suka ce a ɗura mata. Na hana, don da zarar ya sarƙe ta zai faɗa huhu. Gwaggo Tahira ta ce boko ya sa ni taurin kai. Kafin a jima Inna da Huseina ma suka fara amai da gudawa. Badaru mai a-kori-kura ya kwashe mu zuwa ƙaramin asibitin garinmu. Na faɗa wa ma'aikacin cewa allurar atirofin nake nema, ita ce take busar da ruwan. Bai yi musu ba, ya buɗe kabad, 'yan kwalabe biyu ne kacal a ciki. Irin wannan ciwo kuwa ana maimaita allurar ne ana ninkawa har sai ƙirji ya bushe. Mutum uku, kwalba biyu. Inna tana kwance a kan benci tana haki, ta ɗaga hannu ta nuna yarinyar, ta ce ita kada a taɓa ta da komai, a ba jikarta.

Aka yi mata. Numfashinta ya daidaita, ta buɗe ido, ta ce Anti Khairiyya ƙishirwa take ji. Huseina ta fara hamdala. Ni kaɗai a wurin na san maganin ba ya daɗewa a jini, gubar kuwa tana nan daram. Na ce wa Badaru ya kama hanyar Kano kada ya tsaya ko'ina. Mun wuce Minjibir tana kan cinyata, ina juya ta gefe ina share mata baki da mayafina. Kurarin ya dawo a hankali. Mun fara hango gidajen birni ta cika. Ban faɗa ba sai da muka isa, don kada Badaru ya rage gudu, akwai sauran mutum biyu a bayan motar. A babban asibiti aka yi ta yi wa Inna da Huseina allurar, Allah Ya tashi kafaɗunsu.

Jarrabawar kuwa wata mai zuwa ce. Nakan buɗe littafin in rufe. Inna ta ce idan ban je ba ba za ta yafe mini ba, don haka zan je, in sha Allahu.

Yanzu maganar Baba. Bayan sadakar uku ya kira ni zaure, ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, da ilimin da na karanta, ko waken ne. Na so in kauce, ya ce shi ba yaro ba ne. Na ce shi ne. Ya ɗauki galma ya haƙa rami a bayan gona, ya zuba waken bana gaba ɗaya ya binne, ko da wani ɗan kasuwa ya ce zai saya ya kai kasuwar Dawanau. Ranar Juma'a ya miƙe bayan salla ya faɗa wa jama'a abin da ya yi da bakinsa, ya roƙe su kada kowa ya ƙara. Wasu sun ji, wasu har yanzu ana jin warin a rumbunansu. Tun daga ranar ba ya cin abin kirki, ya rame, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya tashi ya fita, don tsoron kada ya zama kai ne ka kira. Ya tambaye ni ko ka sani. Yanzu ka sani. Ba zan koya maka abin da za ka ji a ranka ba, amma ina roƙonka don Allah ka kira shi, ka ce shi kake nema, ko da gaisuwa kawai za ku yi. Ina tsoron kada mu yi rashi na biyu.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Kawu Tasi'u, Gwaggo Tahira da Malam Abdulhadi liman duk suna yi maka ta'aziyya. Ka gaida abokan zamanka. Saƙon da ka ba Alhaji Kamaruddeen ya iso shekaranjiya, turaren Inna da jallabiyar Baba, da jan takalmin nan na Aina'u. Huseina ta ce in tambaye ka ko a bayar da shi ko a ajiye har ka dawo. Yana nan a kwalinsa, ba wanda ya iya taɓawa.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa mai ceto ce.

Ƙanwarka,
Khairiyya