Takarda a Ƙarƙashin Kwanon Baba

Laraba da dare, Shagari.

Allah ya yafe mini karambanina. Kwana uku Baba yana fama da katin tarho, na'urar da ke haɗa wayoyi a cikin kwamfutar asibitin garinmu, wayoyin sun ƙi yin ƙara. An ce gobe za a ba wani aikin. Da na kai masa abinci, na hango kebul ɗin wutar katin yana lilo, ba a jona ba. Malamarmu ta taɓa nuna mana irinsa. Amma ni 'yar fari ce, da wane baki zan gyara masa? Na rubuta a takarda, na tura ƙarƙashin kwano, na dawo gida.

Da magariba na ji yana ce wa Inna, "Wayoyi sun tashi. Wani ya aje man takarda, rubutu nai kamar tahiyar kaza."

Barci ya ƙi zuwa. Ko Inna za ta tambayar mini shi, in ya yarda in sake rubuta masa?