Inna tana wanke takardun Malam tana sha

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don a ƙauyenmu ko akuya ta san muryata. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarata sha bakwai, muna wani ƙauye a gefen Ɗanbatta, bana zan gama sakandare. Kakana Malam ya rasu ya bar gafaka biyu cike da tsofaffin takardun ajami, wasu rubutunsa, wasu na kakansa. Na fara satar leƙa su a ɗakin matarsa Inna, ni dai sirrin cin jarrabawa nake nema, sai na tarar labarin garinmu ne. Shekarar da fara ta cinye gero, wanda ya haƙa tsohuwar rijiya, sunayen matan da wata annoba ta kwashe, har da wasiƙar wani malami da aka ari jakinsa ba a mayar ba, bawan Allah ya fi shekara ɗari yana jiran jaki.

Makarantarmu ta kai mu ziyara gidan adana tsofaffin takardu a birni, na ga wata Hajiya tana juya shafi kamar tana ɗaga jariri, kuma wai aikinta ke nan. Tun ranar na ƙudurta shi zan karanta. Da na nuna mata hoton shafi ɗaya a waya, sai ta ce in kawo su a gyara, a ajiye da sunan gidanmu.

Ga matsalar. Inna ba ta karatu, a wurinta duk abin da hannun Malam ya taɓa waraka ne. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, kullum da safe sai ta zare shafi ɗaya ta wanke a ƙwarya ta sha. Tawadar ta ƙaro ce, ruwa na taɓa ta ta tafi. Ashe abin da take ɗura min kafin jarrabawa ke nan, a lissafina rabin annobar nan tana cikina. Kada ku ga ina raha, shafin sunayen matan nan ya tafi ban ɗauki hotonsa ba, babu mai sake sanin sun taɓa rayuwa.

Na gwada ɗaukar hoton sauran ta kama ni, ta ce waya tana zuƙe albarkar, ta tura gafakar ƙarƙashin matashinta. Na kai maganar wurin Baba, ya ce wane irin aiki ne gadin takardar da ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba, nas zan karanta, kuma ran da shafi ɗaya ya bar ɗakin mahaifiyarsa in manta da jami'a gaba ɗaya. Inna kuwa hawaye ta yi, ta ce, "Ja'ira, abin da ya bar min ke nan, shi ma baƙi za ki kai wa?"

Gafaka ɗaya ta rage, ita ma ta fara ramewa. Ƙawata ta ce in kwafa da hannuna, in jiƙa takardar da shayi ta yi kamar tsohuwa, in musanya kaɗan kaɗan, tunda idon Inna ya yi rauni. Zan iya, na ma gwada shafi biyu sun fito tsaf. Amma na kasa saka su a gafakar, don ina tuna yadda take rufe ido ta kira sunan Malam kafin ta kai ƙwaryar baki.

To in bar tsohuwa ta ƙarasa kwanakinta tana shan rubutuna a matsayin na mijinta, ko in zuba ido gobe da safe ta wanke wani shafin?