Targaɗe a Hanyar Fadama

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Malanville lafiya lau.

Ka san ina gudun safe don in raka ɗalibaina masu shirin tseren lakwal, wato makaranta. Kullum Isa ɗan kabu-kabu sai ya tare ni: "Malam, wa ya rasu? Hau in kai ka!" Ni kuwa in ƙi.

Makon jiya na yi targaɗe a hanyar fadamar shinkafa. Isa ne ya ɗauko ni yana dariya: "Yau dai ka hau!" Likita ya ce babu karaya, hutu kawai. Yanzu yara na gudu, ina bayan Isa a kan babur ina ɗaga musu murya.

A taya ni addu'a in warke kafin tseren, don Isa ya ce shi bai gaggawar in daina hawa. Gaida Inna da yara.

Ƙanenka,
Idi